Gwamna, jan zakaran gidanmu, da maganganun da aka yi a kansa

Wata ƙanwar mahaifiyata ce ta zo daga ƙauye da tsarabar ɗan zakara ja, wanda ko cara bai fara ba. Niyyata a kiwata shi zuwa ƙaramar Sallah ya shiga tukunya. Yara suka ce ba su san zance ba. Suka raɗa masa suna Gwamna, suna ba shi gero a tafin hannu, ƙaramarsu har goya shi take yi da ɗankwalin uwarta. Sallah ta zo ta wuce, Gwamna na nan yana ƙasaita a tsakar gida. Bayan wata biyu, wata rana da hantsi, na ji ihu daga wajen madafa. Gwamna ne ya tayar da gashin wuya, ya yi tsalle ya dira a ƙaurin yarinyar nan da ke goya shi, ya bar mata ƙarzuna biyu.

Kafin la'asar na sha shawara har ta ishe ni. Maƙwabcina ya ce: "Malam, zakara ai duk haka suke, ba su da amana." Wani ya ce jar rigar da ta sa ce ta jawo. Wani ya ce in kama shi in rataye shi da ƙafafu ya wuni, zai san akwai na gaba da shi. Uwargida ta ce ita dai wuƙa ta sani. Tunda yanzu matasa da yawa a garuruwanmu sun shiga kiwon kaji don sha'awa, ana sayen manyan Brahma da masu gashi kamar auduga ana ɗora hotunansu a Facebook, na ga ya dace a tankaɗe waɗannan maganganu a ware tsaki da gari.

Batun cewa kowane zakara mugu ne ba gaskiya ba ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo shaida ne. Zakaru nawa suka yi rayuwarsu a tsakar gidajenmu, yara na rarrafe a gefensu, ba su taɓa kula kowa ba? Wanda ya kai hari shi ake tunawa, shi ake ba da labarinsa. Abin da yake gaskiya shi ne akwai lokacin da hali ke juyawa. Ɗan zakara kan balaga tsakanin wata huɗu zuwa shida, sinadarin mazantaka ya hauhawa a jikinsa, zankonsa ya yi jawur, ya fara cara da bin kaji. A daidai nan ne wanda jiya yake kwana a cinyarka zai fara yi maka kallon gefe. Da yawansu sukan lafa bayan sun haura shekara. Gwamna, da na ƙirga, watansa shida ne cif ranar da ya yi aika-aikar.

Abin da mutane ke kira mugunta kuwa, akasari aikinsa ne yake yi. Tun farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana yadda kaji ke da tsarin girma a tsakaninsu: wannan ta sari waccan, waccan ta sari ta ƙasa da ita, kowa ya san matsayinsa. Zakara yana saman wannan tsari, kuma shi ne mai gadi. Chris Evans da Peter Marler sun nuna a shekarun 1990 cewa kukan gargaɗinsa iri biyu ne. In shaho ko shirwa ya gani a sama, kuka ɗaya yake yi, kaji su duƙa su nemi maɓoya. In muzuru ne ko kare a ƙasa, kukan daban ne, sai ka ga sun miƙe wuya suna dube-dube. Sannan ga wani hali da duk mai lura ya sani: in ya tono tsutsa ko ya sami fara, ba ya haɗiyewa. Sai ya ɗauka ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, yana wani ɗan ƙut-ƙut, har kaza ta rugo ta cinye. Mugu ba ya haka.

Da na bi diddigin abin da ya faru a gidana, sai na gano yarinyar ta kamo wata kaza ce za ta goya, kazar ta yi ta kyarkyara tana fuka-fuki. A idon Gwamna, wani abu ya cafke matarsa. Ba na wanke shi, ƙarzunan na gaske ne. Amma ba haka kawai ya tashi ba.

Zancen jar riga fa? Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ya daɗe. Kaji suna ganin launi sosai, har suna ganin wani haske da idon mutum ba ya gani, kuma ja yana jan hankalinsu. Shi ya sa in kaza ta ji ciwo jini ya fito, sauran sukan taru su yi ta sarar wurin, dole a ware ta. Amma daga nan zuwa cewa jar riga ke haukata zakara akwai tafiya mai nisa. Ni da kaina na shiga da jar hula ya fi a ƙirga bai ko ɗaga kai ba. Abin da na ga yana tayar masa da hankali shi ne baƙon abu da motsin gaggawa: sabon takalmi mai ƙara, zane yana kaɗawa a iska, yaro yana gudu yana ihu, ko bokiti ana lilo da shi.

Shawarar da ta fi ba ni haushi ita ce ta duka da ratayewa. Ana cewa ka shure shi, ko ka danne kansa a ƙasa, ko ka riƙe shi kai a ƙasa ƙafafu a sama har ya yi laushi. Laushin zai yi, ba shakka, zakara a rataye ba ya koto. Sai dai wannan shirun ba biyayya ba ce, sandarewa ce ta tsananin tsoro, irin wadda tsuntsu ke yi in ya faɗa bakin abin da zai cinye shi. Kuma tsuntsaye ba su da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki irin namu, da jakunkunan iska suke numfashi, don haka daɗewa a juye yana wahalar da su, mai nauyi ma yana iya mutuwa. Mu da muka saba ganin kaji a rataye a kan babur ranar kasuwa ba mu cika ɗaukar abin da zafi ba, amma wahala ce. Shuri kuma, a yarensa, amsa goron faɗa ne. Ka tabbatar masa kai abokin karawa ne, gobe sai ya jira ka juya baya.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da wani armashi. Yawanci zakara ba ya kai hari ba sanarwa. Zai sauke fiffike ɗaya ƙasa ya riƙa zagaya ka a karkace, rawar da yake yi wa kaza ke nan, amma in mutum ya yi wa, ƙalubale ne. Ko ya sunkuyar da kai yana yi kamar yana tsintar wani abu alhali idonsa na kanka. In na ga haka ba na gudu, ba na kai masa ƙafa. Ina ci gaba da tafiyata kai tsaye a hankali har ya kauce, in ya matso in tare shi da faifai ko murfin roba. Wani lokaci in ɗauke shi, fuka-fukansa a matse a ƙarƙashin hammatana, in ci gaba da zuba dusa da canja ruwa, sai ya natsu in sauke shi. Cikin 'yan makonni ya daina kula ni.

To ko sabo tun yana ɗan tsako zai sa ya zama aboki har abada? Masu sayar da kajin ƙawa suna son faɗin haka. Sabo yana cire tsoro, wannan gaskiya ne, kuma kaji suna gane mutumin da ke ba su abinci, suna bambanta shi da baƙo. Amma cire tsoro wuƙa ce mai baki biyu. Zakaran da ke ɗari-ɗari da mutane yakan ba su hanya. Wanda aka raina a hannu kuma bai ga dalilin da zai ba ka hanya ba, yana iya lissafa ka cikin garkensa, ya nemi sanin tsakaninku wa ke sama. Masu kiwo da yawa sun ga haka, wasu kuma nasu ya girma lafiya lau yana hawa kafaɗa. Wato sabo ba lamuni ba ne.

Jini ma yana da nasa rabo, amma ba yadda ake zato ba. Brahma, duk da girmansa mai ban tsoro, da Cochin da Orpington da Silkie, sun yi suna wajen sanyin hali. Abin mamaki, irin da aka ƙirƙira don faɗa, kamar Asil na Indiya da Shamo na Japan, ba sa iya zama da ɗan'uwansu zakara amma sau da yawa suna da sauƙin kai a hannun mutum. Faɗa da zakara daban, faɗa da mutum daban, cin zalin kaji kuma daban. A wajen shekarar 2000, Suzanne Millman da Ian Duncan na Jami'ar Guelph a Kanada sun gano cewa zakarun da ake ajiyewa don samar da kajin nama sun fi azabtar da matansu, suna far musu ba tare da rawar neman yarda ba, alhali zakarun jinin faɗa ba su nuna wa kaji wannan hali ba. Duk da haka kyakkyawan suna ba ya hana a sami baƙin hali a cikin kowane iri. Wanda zai saya ya fi kyau ya nemi ganin uban, ya tsaya kusa da shi minti biyar.

Akwai masu ajiye zakara bisa tilas don sun ɗauka kaza ba ta ƙwai sai da shi. Tana yi sarai. Gidajen gonar da ke cika kasuwanninmu da kiret-kiret na ƙwai ba su da zakara ko ɗaya a cikin kejin. Amfaninsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe in an yi kwanci na kwana 21. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar goma. In suka yi kaɗan, sai ya dame su har gashin bayansu ya tsige, in kuma zakaru suka yi yawa a wuri ƙanƙani, faɗa ba ya ƙarewa, kuma zafin yakan fantsamo kan mutanen gida.

Cara kuwa ba a hana ta, kuma ba alamar fushi ba ce. A 2013 Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura na Jami'ar Nagoya a Japan suka ajiye zakaru a ɗaki mai dishi-dishin haske dare da rana, ba asuba ba magariba. Suka ci gaba da cara a kan lokaci, don agogon yana cikin jikinsu. A 2015 suka ƙara nuna cewa babban zakara ne ke fara cara, na ƙasa su biyo bi da bi. Wanda ya yi cara da tsakar dare kuma, wanda wasu ke camfawa su ce a yanka, sau da yawa fitilar mota ce ko dawowar wutar lantarki ko carar na maƙwabta ta tashe shi. Ƙarar dai ba wasa ba ce: masu bincike a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam sun auna ta a daidai kansa ta haura desibel 130, suka kuma ga cewa in ya wage baki ramin kunnensa yakan toshe, shi ya sa bai kurumta kansa ba. A Faransa har kotu aka kai wani zakara mai suna Maurice a 2019 saboda carar asuba, ya kuma yi nasara. A nan kam, inda hadisi ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla, da wuya alƙali ya saurari irin wannan ƙara.

Sai magana ta ƙarshe, wadda masoya kaji ke yi: wai zakara ba ya iya yi wa mutum wani lahani na kirki. Wannan ƙarya ce mai haɗari. Ƙayar nan da ke bayan ƙafarsa ƙashi ne a ciki, tana tsawo tana kaifi da shekaru, kuma tana huda fata ta shigar da datti, don haka a wanke ciwon da sabulu nan take, in ya yi zurfi a je asibiti a duba batun allurar tetanus. A 2019 likitoci a Ostareliya suka ba da rahoton wata tsohuwa mai shekara 76 da zakaranta ya sara a kumburarriyar jijiyar ƙafa tana kwasar ƙwai, jini ya ƙi tsayawa har ta rasu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne yaro ɗan shekara biyu, wanda idonsa ke daidai tsayin tsallen zakara.

Gwamna ya daina kula ni, ya daina kula uwargida, amma bai taɓa daina bin ƙaramar yarinyar ba. Na kafa masa waya a bayan gida ya yi wata guda a ciki, ranar da aka manta ƙofa a buɗe ya bi ta har bakin ɗaki. Da daddare uwargida ta ce: "Baban yara, sabo da kaza fa ba ya hana yanka." Yara suka yi ta kuka, yarinyar da ya ƙarza ta fi kowa. Ƙarshe dai na sa shi a kwali na huda ramuka, na kai shi tasha aka mayar wa Inna a ƙauye. Da muka yi waya ta ce yana nan cikin kaji goma sha biyu, ya kori zakaran maƙwabta tun ranar farko, kuma ita ko kallon banza bai taɓa yi mata ba.