Ba Kowace Ciyawa Ce Fartanya Ke Kashewa Ba

Akwai maganar da muka tashi muka tarar, wadda har gobe ake faɗa wa duk wanda ya kawo kukan ciyawa ta cinye masa lambu: "Ai ciyawa ba ta da magani sai fartanya." Idan aka leƙa bayan gidan mutum aka ga fangalin alayyafo ya rufe da aya-aya, hukuncin da ake yankewa guda ne. Ko dai maigidan rago ne, ko yaransa ba sa taɓuka komai, ko uwargida ta shuka ta watsar. Dattawan da suka bar mana wannan magana ba su faɗe ta a banza ba. Gonar gero da dawa suka sani, kuma a can gaskiyarsu ce. Harƙiya da ƙarangiya da gude-gude da burburwa duk rayuwar damina ɗaya gare su: daga iri suke tsirowa, saiwarsu ba ta nisa, in aka yi firi da maimai a kan lokaci rana ta buge su, an rabu da su. Wanda ya bar waɗannan suka zubar da iri a gonarsa, ba laifi don an yi masa faɗa.

Amma ina neman afuwar magabata, lambun gida da ake ba ruwa rani da damina yana da wasu ciyayi da wannan hukunci bai hau kansu ba. Uku daga cikinsu sun fi addabar mutane: aya-aya, wadda wasu ke ce wa jiji, da kirikiri, da tofa. Ransu ba a ganyen da muke gani yake ba, yana can ƙarƙashin ƙasa, kuma sau da yawa fartanyar da muka ɗauko don kashe su ita ce ke daddasa su.

Aya-aya 'yar uwar ayar da muke ci muke kunu da ita ce, sai dai 'ya'yanta baƙaƙe ne masu ɗaci. A shekarar 1977 wani masanin ciyayi na Amurka, LeRoy Holm, da abokan aikinsa suka wallafa littafi kan miyagun ciyayin duniya, suka sa ta a lamba ta ɗaya, domin an samu ɓarnarta a ƙasashe fiye da 90, cikin amfanin gona iri 52. Ba zai yiwu a ce manoman waɗannan ƙasashe duka hannunsu ne ya mutu ba. Duk mai son ya gane sirrinta ya sami dagi ya tona gindin guda ɗaya a hankali, kada ya fizge. Zai ga 'ya'yanta a jere, siririn zare ya haɗa wannan da wancan kamar carbi. Muddin zaren nan yana nan, wanda ya tsiro yakan danne sauran su yi ta barci. Ranar da bakin fartanya ya tsittsinke zaren cikin ƙasa mai laima, kowane ɗa ya zama uwar kansa, ya farka ya fito da nasa ganyen. Shi ya sa mutum zai wuni a duƙe yana noma, ya tashi bayansa na ciwo ya ga fili fes, kafin mako biyu ya ga ta dawo ta fi da kauri. Sai ya ƙara wa fartanya ƙarfi, ita kuma ta ƙara yawa. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, a gidaje da yawa yaro ko mai gadi ne ke shan zagi a kan wannan, alhali abin da aka sa shi ya yi, bai rage komai ba.

Kirikiri ma haka take. Kowace gaɓa ta jikinta da aka sare ta faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya yin saiwa. Tofa kuwa ƙari gare ta: mutane na cinna mata wuta da rani, ganye ya cinye ƙurmus, jijiyar da ke ƙasa ko ɗumi ba ta ji ba, ta fito sabuwa fil a filin da wutar ta share mata abokan gasa.

Wanda ke ganin wannan surutun 'yan boko ne ya tambayi mutanen fadamar Haɗeja da Nguru labarin kacalla. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wuraren da a da suke bushewa da rani suka koma zama da ruwa, kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki. An sare ta an ƙone ta, tana dawowa. Abin da ya fi yi mata illa shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse, jijiyar ta rasa iskar da ganye ke kai mata ta ruɓe. Lauje ɗaya ne, ƙarfin hannu ɗaya ne. Bambancin shi ne an san ta inda ciyawar ke numfashi.

Ita aya-aya abu biyu ne ba ta iya jurewa, bushewa da inuwa, kuma Allah ya ba ƙasarmu na farkon a wadace. 'Ya'yanta in suka bushe ƙayau sun mutu, mafi yawansu kuma ba su wuce zurfin taƙi guda ba. Saboda haka lokacin yaƙarta bazara ce, watan Maris da Afrilu, sa'ad da rana ke ƙuna, ba tsakiyar damina ba. A janye wa fangalin ruwa gaba ɗaya har ƙasar ta bushe, a yi kaftu a juyo ƙasan sama, a bar ta a rana, a riƙa sake juyawa duk bayan 'yan kwanaki ana tsince 'ya'yan da jijiyoyin kirikiri da hannu. In wurin ƙarami ne a tankaɗe ƙasar da rariyar magina. Wani zai ce, to ai ga fartanyar nan ta dawo. Ƙwarai kuwa, ban ce a jefar da ita ba. Saran da ya zama dashe a watan Agusta shi ne ke zama kisa a watan Afrilu, kuma wannan ne maganar da muka gada ba ta faɗa ba.

Na san abin da ke da wuya a nan. Hana lambu ruwa a bazara yana nufin a haƙura da ganyen miya daidai lokacin da ya fi tsada a kasuwa. Mai ƙaramin fili sai ya raba shi biyu, ya busar da rabi bana, rabi baɗi.

'Ya'yan aya-ayar da suka tsira za su fito da ruwan farko, kuma a nan hannu ya fi ƙarfe. A riƙa cire su tun suna ƙanana, kafin su kai ganye 5 ko 6, duk bayan mako 2 zuwa 3 ba fashi. Dalili shi ne, da abincin da aya-aya ta tara a cikin ɗanta take fitar da ganyen farko. In aka cire kafin ganyen ya fara mayar mata da abin da ta kashe, aka sake, aka sake, rumbunta zai ƙare. In kuwa aka yi sakaci wata ɗaya ko biyu, ta yi sababbin 'ya'ya, an koma gidan jiya.

Sai inuwa. Albasa da karas ba sa rufe ƙasa, don haka kada a fara da su a wurin da ake jinya. A sa dankalin Hausa, ko kabewa, ko wake mai yaɗo, abin da zai shimfiɗe ya hana rana sauka. A kudancin Jamhuriyar Benin, daga ƙarshen shekarun 1980, manoma da dama sun ƙwato gonakinsu daga tofa ta hanyar shuka wani nau'in ƙarara marar ƙaiƙayi da ke lulluɓe ta, aikin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta sa hannu a ciki. Rufe ƙasa da baƙar leda kuwa kada a dogara da shi, tsinin aya-aya yana huda ta ya fito.

Masu cewa a huta da wahala a yi feshi su ma suna da rabin gaskiya. Maganin da ke ƙone ganye nan take bai kai ƙasa ba, aikin wuta ya yi. Wanda ke bin jikin ciyawa ya sauka saiwa ya fi tasiri, amma ba ya isa ga 'ya'yan da ke barci ba su da ganye a sama. Ni dai ba na son ganin gorar feshi a tsakar gidan da yara ke rarrafe, kaji na kiwo, ana tsinkar ganye ana jefawa a tukunya.

Ya kamata kuma a duba ta inda aya-aya take shigowa. Yawanci mu muke sayo ta, a cikin ƙasar fadama da tifa ke jibgewa a ƙofar gida, ko a ledar dashen mangwaro da gwaiba. Sabuwar ƙasa a baza ta gefe guda a ba ta ruwa mako biyu, a ga abin da zai tsiro kafin a kai ta fangali. Na'ana'a ma, duk da mu ke shuka ta da kanmu, ta ƙarƙashin ƙasa take tafiya, tukunya ko tsohon bokiti ya fi dacewa da ita. Abin da aka tsince kuma kada a zuba shi a ramin taki ko a watsa bayan katanga wurin maƙwabci. A shanya shi kan kwano ko siminti har ya bushe sarai, sa'an nan a ƙone.