Gyaran Madatsun Ruwa da Jinga Kafin Zuwan Damina

Yawancin manyan madatsun ruwa na Arewacin Nijeriya an gina su ne tsakanin farkon shekarun 1970 da farkon shekarun 1990, lokacin da fari ya tilasta wa hukuma neman hanyar adana ruwan damina saboda noman rani da ruwan sha: Tiga a kan kogin Kano a 1974, Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, Alau a kan kogin Ngadda a 1986, sannan Challawa a 1992. Galibinsu tudun ƙasa ne da aka daɓe hawa-hawa, aka sa yumɓu a tsakiya don ya hana ruwa ratsawa, aka kuma jera duwatsu a fuskar da ke kallon tafki don kada igiyar ruwa ta cinye ta. Irin wannan gini yana da arha da juriya, amma yana tsufa, kuma wasu daga cikinsu sun riga sun kai shekara hamsin suna riƙe da ruwa dare da rana.

Madatsar ƙasa takan karye ne ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ruwa ya cika har ya haura kanta, domin da zarar ya fara gangarowa ta bayanta sai ya yanka kwazazzabo wanda ke faɗaɗa cikin 'yan sa'o'i. Ta biyu ta fi ɓuya, ita ce zaizayar ciki. Babu madatsar ƙasar da ba ta tsattsafo da ruwa kaɗan ta gindinta, kuma an tanadi magudanai na yashi da tsakuwa da za su fitar da shi, don haka abin da injiniya ke dubawa shi ne launin ruwan da yawansa. Idan yana fita garau kuma bai ƙaru ba, babu damuwa. Idan ya fara fita da laka, to yana kwashe jikin madatsar ne daga ciki, yana haƙa rami kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya. Saiwar itatuwan da aka bari suka girma a kan tudun, da ramukan gafiya da gidajen gara, duk suna buɗe wa ruwa irin wannan hanya, shi ya sa sare ciyayi da cike ramuka, duk da ana raina su, suke cikin manyan ayyukan tsaron madatsa.

Kariya daga haurawar ruwa tana ga mazuba, wato hanyar da aka gina domin rarar ruwa ta wuce ba tare da ta taɓa tudun ba. Mazubar da kankarenta ya tsage, ko ƙofar ƙarfen da ta yi tsatsa ta ƙi buɗewa a daren da ake buƙatarta, ba ta da bambanci da rashinta. Haka kuma yashi da lakar da kogi ke kawowa duk shekara suna taruwa a ƙasan tafki suna rage masa ciki, ta yadda ruwan saman da dā yake shanyewa cikin sauƙi yanzu yake cika shi maƙil. Bayan karyewar madatsar Bagauda a Kano a watan Agustan 1988, an rage tsayin mazubar Tiga a farkon shekarun 1990, aka haƙura da wani kaso na ruwan da take adanawa domin a sauƙaƙa wa tudunta nauyi, shawarar da ba ta da farin jini ga masu noman rani amma take da hujja.

Maiduguri ta ga babbar ambaliya daga Alau a 1994 da kuma daren 10 ga Satumba 2024, lokacin da ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa da babbar kasuwar birnin, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu. Shekara guda kafin nan, madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 sun karye a saman birnin Darna na ƙasar Libiya, mutum fiye da 4,000 suka rasu, alhali an san da tsagewar jikinsu tun shekaru da dama. Ba a musun cewa ruwan saman ya yi yawa a wuraren biyu, sai dai an gina madatsa ne musamman saboda shekarar da ruwa zai yi yawa, don haka yawan ruwa kaɗai bai isa ya zama bayani ba.

Jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa da ake ja a bakin kogi don ta kare gari ko gonaki, tana da duk waɗannan raunuka, ga kuma tsawo, domin ɓarakar taku goma ta isa ta ɓata aikin kilomita goma. Mutane kan yanke ta su yi wa amalanke hanya, ko su ɗebi ƙasarta su buga tubali, kuma ta wurin da aka rage mata tsayi ruwa ke shiga. A Yamai, ruwan kogin Kwara ya karya jinga a Satumban 2020 ya mamaye unguwar Lamorde. A kwarin Haɗeja kuwa, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa har takan sa kogi ya bar tafarkinsa, saboda haka ɗaga jinga ba tare da yashe kogi ba ɗage matsala ne kawai zuwa ƙauyen gaba.

Duk waɗannan ayyuka na rani ne, domin sai ruwa ya ja baya ake ganin tsagewa, kuma yumɓun da ya jiƙe sharkaf ba ya daɓuwa. Kuɗin gyaran da aka saki a watan Yuli ba ya sayen komai sai buhunan yashi. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina Alau, amma aikin da zai biyo bayan ginin shi ne na kullum: ma'aikaci mai zagaya tudun da ƙafa, littafin da ake rubuta tsayin ruwa a ciki kowace safiya, gwajin ƙofofi kafin ruwan farko, da tsayayyar hanyar sanar da masu unguwanni da gidajen rediyo kafin a saki ruwa.