Duwatsun Kitso a Cikin Rairayi

(Kiɗan kalangu a hankali, sai ya lafa)

Mutanen Bangi da ƙauyukan da ke kewaye har zuwa bakin iyakar Najeriya, da na Madawa, da na Buza, da na Keita, ina gaishe ku. Shirinmu na yau na iyaye mata ne. Amma maza kada ku kashe rediyo, don kuɗin da za a yi magana a kansu daga aljihunku suke fita.

Ranar jajiberin ƙaramar Sallar da ta wuce ina gidan yayata. Tana da ɗiya 'yar shekara biyu, ba a daɗe da yaye ta ba. Tun da hantsi aka kira makitsiya, aka dasa yarinyar tsakanin ƙafafu, ana lallashi da ƙuli-ƙuli, ana tsawa, har aka gama mata kalaba ƙanana. Kowane jela aka zura masa duwatsun roba, ja da fari da ruwan ɗorawa, aka ɗaure bakin da robali. Da safe aka ƙara ribom biyu masu kamar malam-buɗe-littafi. Wallahi ta yi kyau. Kafin maza su sauko daga idi, ribom ɗaya yana cikin kwanon ruwan kaji, ɗayan har yau ba a gan shi ba, ita kuwa tana zaune a rairayin tsakar gida tana tsige duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a ƙasa kamar mai kasa gyaɗa.

Yayata ta riƙe baki. Ta ce, "Inna, dubi abin da jikarki ta yi mini. Jaka guda na kashe."

Tsohuwa ba ta ko tashi daga tabarma ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Zo nan, kishiya, in ga kan naki." Ta juya ta, ta ɗaga jelar ƙeya, ta nuna mana. Gindin kowane kitso ya yi ja, wasu har sun fara fitar da ƙananan ƙuraje.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Tun daga ranar nake tunanin wannan magana. Mu kullum tambayarmu ita ce yaya za a hana yarinya cire kwalliyar kanta. Ba mu cika tambayar me ya sa take cirewa ba, alhali wadda ba ta iya magana sosai ba da hannu take kai ƙara.

Abu na farko zafi. Fatar kan ƙaramin yaro ba irin ta babba ba ce, kuma maɗiga kanta sai wajen shekara ɗaya da rabi take gama rufewa. Gashin goshi da na gefen kunne siriri ne, saiwarsa ba ta yi ƙarfi ba. Makitsiya kuwa an san ta da cewa kitso mai kyau shi ne wanda ya kamu tam, ya yi wata bai tashi ba. A kan babbar mace ma wannan ja yana da illa. Likitocin fata suna da suna na musamman ga zubewar gashin da ɗaurin kitso ke jawowa, kuma wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda aka yi a unguwar Langa ta birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, ya same ta a kusan mace ɗaya cikin uku, da kuma wajen 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Ba sai an je Afirka ta Kudu ba. A duba goshin matan da ke taron suna, a ga nawa ne gashin gabansu ya ja baya. Da yawa tun suna goye aka fara cinye shi. Idan aka bari da wuri gashin yana dawowa, idan aka daɗe ana ja, wurin ya zama fili ke nan.

Alamar kitson da aka ja da yawa tana da sauƙin ganewa. Idan an gama kitso kika ga girar yarinya ta ɗago sama, ko fatar kan tana sheƙi tsakanin layuka, ko ta kasa kwantar da kai a kan kafaɗarki, to a warware. Kada a ce zai saki bayan kwana biyu.

Sai goyo, abin da masu ƙera waɗannan kayan ba su sani ba. Yawancin ribom da maƙalan gashin da ɗan koli yake shimfiɗawa ranar kasuwa daga Sin suke, sun biyo ta kasuwannin Najeriya, ana sayar mana da su da sefa ko da naira. Wanda ya ƙera su bai taɓa tunanin yarinyar da za ta wuni a bayan uwarta ba, an ja majanyi har wuya, uwar tana daka ko tana kan hanyar rijiya. Yarinya ta kwantar da kunci a bayanki, maƙalin ƙarfe yana danna mata gefen kai da kowane saukar taɓarya. Ke ma da kin cire. Shi ya sa duk abin da za a sa wa 'yar goye ya kamata ya zauna a tsakiyar kai, can sama, inda ba ya haɗuwa da bayan uwa, ba ya kuma haɗuwa da tabarma idan ta kwanta.

Akwai ƙaiƙayi kuma. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi a jihar Tawa yana haura maki 40, zufa tana taruwa ƙarƙashin roba. Da hunturu ƙura ce take cika kai, fata ta bushe. Wani lokacin ma kwarkwata ce, ko makero ya fara. Yarinyar da take yawan kai hannu wuri ɗaya, a tsefe a duba wurin kafin a yi mata faɗa. Makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha daga likita.

(Kiɗa)

To idan babu zafi, babu ƙaiƙayi, tana cirewa kawai fa? Wannan wasa ne, kuma wasan shekarunta ne. Kafin yaro ya cika shekara yake koyon ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, daga nan kuwa babu abin da ya fi masa daɗi kamar tsince-tsince. Kin rataya mata abin tsinta guda arba'in a kai, sannan kin ce kada ta taɓa.

A nan dabarun tsofaffi suka fi na kanti. Kitso manya guda huɗu ko shida, sakwa-sakwa, a shafa man kaɗanya ko man shanu, a yi shi bayan ta ƙoshi, ko tana barci a cinya. A naɗe bakin jela da baƙin zare maimakon robali, don robali yana cin gashi, kuma yana tsinkewa a rana. Idan za a sa ado, a sa ɗaya ko biyu, mara nauyi, na ƙyalle ya fi. Da an sa, a ba hannunta aiki: ludayi, ƙoƙo, 'yar tsana. Abin da ta manta yana kanta shi ne zai kai yamma. Kada a tsaya ana ta cewa kar ki taɓa, don kin tuna mata ke nan. In ta cire, a ɗauke shiru, a sake gwadawa gobe. Wata kuma sai ta ga yayarta da irinsa, ko an nuna mata madubi, ko an ba ta biyu ta zaɓi ɗaya, sannan ta yarda. Da dare a cire komai.

Yanzu maganar da ta fi ta asarar jaka guda. Dutsen da ya bar kai, ina ya nufa? Baki, ko hanci, ko kunne. A Amurka akwai ƙa'ida a kan kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3: duk abin da zai shige cikin wani ɗan bututun awo mai faɗin santimita 3 da ɗoriya, ba a yarda a sayar musu da shi ba, saboda shaƙewa. Duwatsun kitsonmu goma za su shige wannan bututu a tare. Idan kika ga majina mai wari tana fita ta kafar hanci ɗaya tak, ki yi zargin akwai abu a ciki. Kada a sa tsinke ko ashana, ƙara tura shi ake yi. A kai ta likita. Tun 2006 ƙa'idar ƙasarmu ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mafi haɗari su ne kayan adon nan masu walƙiya da ake kawowa lokacin Salla. Akwai ɗan batir mai kamar maɓalli a cikinsu, wanda idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa 2. Wannan ba a jira wayewar gari. Robali ma da ya ɓace, a duba yatsu da wuyan hannu, yara suna zura shi su manta, ya nutse cikin fata.

(Kiɗa a hankali)

Ranar nan dai Inna ce ta warware kalabar da hannunta, tana yi tana zolaya, wai kishiya ta so ƙwace mata miji da kwalliya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ta yi mata manya guda huɗu, ta naɗe da zare, ta ɗaura mata wani guntun atamfa da ya rage daga ɗinkin Salla. Da shi ta yi yawon barka da Salla har magariba. Duwatsun kuwa ni da yayata muka durƙusa muna tace rairayi da rariya. Mun sami talatin da bakwai. Makitsiya ta rantse arba'in ta sa, don haka sai da aka haska hancin yarinyar da kunnuwanta da tocila kafin kowa ya ci tuwo. Sauran ukun, washegari aka gan su a cikin takalmin babanta.



(Kiɗan rufewa)