Tsohon Babur Da Iskar Jos: Ko Zugazugi Zai Maido Masa Da Ƙarfinsa?

Duk wanda ya taɓa tasowa da babur daga Akwanga ya nufi Jos ya san abin da ke faruwa in an kama Hawan Kibo. Inji ya yi ta gurnani, a rage giya, a sake ragewa, kuma ko bayan an hau tudu an miƙe hanya, babur ba ya komawa yadda yake a ƙasa. Galibi akan ɗora laifin a kan fulogi ko gurɓataccen mai, alhali kuwa iska ce. Birnin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga bakin teku, iskar wurin kuwa ba ta kai ta Ikko kauri ba. Inji da iska yake ƙona mai, saboda haka kowane hawan mita 300 yana rage masa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Watau babur ɗin da ke da ƙarfin doki 15 a bakin teku, da ƙyar zai wuce 13 a Jos.

Wannan hasara ta fi ciwo ga masu tsofaffin babura, irin su Honda Benly da 'yan'uwanta waɗanda suka cika gari bayan an biya kuɗin Udoji cikin 1975. Wanda ya gaji irin wannan babur, yana gogewa yana lallaɓawa a zaure, yakan so ya ga ya yi numfashi kamar dā. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awa da kan zauna a gida su ɗaura wa tsohon babur wata na'ura da ake kira sufacaja. To, shin aikin zai yiwu a Jos, kuma me mutum zai iya rasawa in ya kuskure?

Sufacaja dai zugazugi ne. Yadda maƙeri ke zuga wuta ta ƙara ci, haka wannan na'ura ke ɗura wa inji iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, a haɗa da ƙarin mai, ƙarfi ya ƙaru. Kamar ɗin ma ba ta baka ba ce kawai: irin da aka fi amfani da shi, wanda wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista cikin 1860, an daɗe ana zuga tanderun narka ƙarfe da shi kafin a kai shi ga inji. Bambancinsa da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, shi kuwa sufacaja injin ne ke jan sa da bel. Jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu da shi suka yi maganin ƙarancin iska a sama, wadda ita ce matsalar Jos, sai dai tasu ta fi tsanani.

A kan babur ma tsohon zance ne. Cikin 1937 wani Bajamushe, Ernst Henne, ya yi gudun kilomita 279.5 cikin sa'a a kan BMW mai zugazugi, aka shekara 14 ba a karya wannan bajinta ba. Cikin 1939 kuma Georg Meier ya ci babbar tseren tsibirin Man da irin wannan babur. Bayan yaƙi, cikin 1946, hukumar tseren babura ta duniya ta haramta na'urar, sai ta koma hannun masu ƙere-ƙere a gida. Kamfanin Kawasaki ya fito da ita kasuwa cikin 2015 a kan babur ɗinsa H2.

Abu na farko da mai niyya zai duba shi ne irin injinsa. Babur mai hayaƙi, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kamar tsohuwar Vespa, bai dace ba, domin ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi suna buɗe a lokaci guda, abin da aka ɗura sai ya bi salansa ya fice. Inji mai bawul ake so, kuma mai silinda biyu ya fi mai ɗaya, don yana zuƙar iska a jere, ba a fizge ba.

Sa'an nan sai lissafi, nan ne kuwa da yawa ke faɗuwa. Na'urar da masu wannan aiki suka fi nema ita ce Aisin AMR300, wadda ake cirowa daga ƙananan motocin Subaru na Japan, tana tura iska cc 300 a kowane juyi. Injin Benly mai cc 174 kuwa sai ya juya sau biyu yake zuƙar cikinsa, watau cc 87 a juyi guda. In aka haɗa su su yi juyi daidai da juna, an ɗura wa inji ninki uku da wani abu na abin da aka gina shi ya ɗauka, ƙarshensa fistin ya huje. Dole gargaren da ke kan inji ya zama ƙarami, na kan na'urar ya zama babba, har gudunta ya kasa rabin na inji. Gaskiyar magana, ta yi wa Benly yawa. Ta fi dacewa da babur mai cc 350 zuwa 500.

Sauran aikin na ƙarfe ne, Jos kuwa ba ta rasa masu hannu ba, gari ne da ya tashi da injinan haƙar kuza. Tsakanin 'yan kayan gyara na Dilimi da kanikawan Farin Gada za a sami mai feƙe gargare, da mai walda da zai ƙera mazaunin na'urar da bututun da zai kai iska ga inji. Wurin da ya fi wuya shi ne fito da sandar da za ta ja bel daga bakin karanshaf, domin sai an huda murfin inji, in kuwa ta karkace ko da kaɗan ne, za ta ci boris, mai ya riƙa yoyo. Kafireto akan sa shi gaban na'urar, saboda haka bututun cike yake da fetur da iska. Lalle a yi masa bawul mai sifirin wanda zai buɗe in inji ya yi atishawa, in ba haka ba bututun na iya fashewa tsakanin ƙafafun mahayi.

Iskar da aka matse tana zafi, tsohon babur kuwa ba shi da lagireto, iskar hanya kaɗai ke sanyaya shi. Don haka ake sa faranti a ƙarƙashin silinda a rage matsi, a jinkirta wutar fulogi, a sa fulogi mai jure zafi, a buɗa jet ya ba da mai sosai. Man kuwa kuɗi ne, musamman tun da aka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023.

A nan Jos tana da wata riba, tana kuma da tarko. Nauyin iska a bakin teku laba 14.7 ne a kan kowane inci murabba'i, a Jos kuwa kusan 12.7. Ashe laba biyu na farko da zugazugi zai ƙara ba su ɗora wa inji kome ba, sun dai maido shi yadda masu ƙera shi suka nufa. Wanda ya tsaya a laba uku ko huɗu, ga sanyin gari na taimakonsa, injinsa zai daɗe. Amma wanda ya daidaita babur ɗinsa har iyaka a sanyin Disamba, ran da ya gangara Lafiya ko Bauci cikin zafin Maris, iska ta yi kauri ta yi zafi, zai ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In bai tsaya ba inji zai buga, fistin ɗin asali na babur mai shekara 50 kuwa ba a kowane shago ake samunsa ba.

Kafin a kai ga wannan duka akwai gyara mai araha wanda ya kamata a fara da shi. Jet ɗin da babur ya zo da shi an auna shi ne don iskar ƙasa, a Jos yana ba da mai fiye da kima, shi ya sa fulogi ke yin baƙi. A rage jet kaɗan, a sa sabon ringi, a gyara zaman bawul, a ƙara haƙoran sufaket na baya don hawa. Da yawa daga masu kukan rashin ƙarfi a nan za su tsaya.

Wanda kuma ya ƙudura sai ya ɗaura zugazugi, kuloci da sarƙa za su nemi canji, amma birki ne kan gaba. Birkin ganga irin na dā an yi shi ne daidai ƙarfin da babur ya fito da shi, yana kuma sanyin kamu in ya yi zafi a doguwar gangara. Hawan Kibo, wanda ya sa aka fara tunanin ƙarin ƙarfi, a komowa gangara ce mai lanƙwasa, ga manyan motoci a gaba da baya.