Wuƙar Gasa da Wuƙar Aiki: Maƙeran Mutum Biyu da Shirin Ƙira na Talabijin

Shirinmu na musamman na yau daga Mutum Biyu yake zuwa muku, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol ta jihar Taraba, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta nufi Wukari. Zancen wuƙa za mu yi, da masu ƙera ta, da kuma wani shirin talabijin na Amurka da ya shigo har cikin rumfunan maƙera ta wayoyin 'ya'yansu.

Sunan shirin Forged in Fire. Tashar History ce ta fara nuna shi a shekarar 2015. Ana tara maƙera 4 a babban ɗaki guda, a ba kowa ƙarfe, a kunna agogo, galibi awa 3, a ce kowa ya fito da ruwan wuƙa. A sallami mutum ɗaya. Sauran su sa ƙota su wasa, a gwada wuƙaƙen, a sake sallamar ɗaya. Biyun da suka rage a tura su gida, a ba su kwana 4 ko 5 su ƙero wani makami na tarihi. Wanda ya yi nasara ya tafi da dala 10,000. Shi ke nan tsarin. A nan garin ba kowa ke da tauraron ɗan'adam ba, guntayen shirin ake gani a Facebook da YouTube da TikTok, kuma ba sai ka ji Turanci ba. Wuta wuta ce, masaba masaba ce.

To me maƙera ke cewa in an miƙa musu wayar?

Abin da ya fara ɗaukar hankalinsu kayan aiki ne. Murhun gas da ke kai ƙarfe ja cikin 'yan mintuna ba tare da yaro ya zauna kan zuga-zugi ba. Gudumar inji da ke yi wa ƙarfe dukan da ƙarti biyu za su wuni suna yi. Injin wasa mai ɗamara da ke fitar da kaifi kafin ka ƙifta ido. Duk maƙerin da ya ga waɗannan sai ya yi shiru na ɗan lokaci, don ya san abin da kafaɗarsa ke sha. Ba hassada ba ce, lissafi yake yi: lauje nawa zan fitar a rana in ina da wannan?

Sai kuma abin da ke sa su murmushi. A wasu zagayen, don a tsananta wa 'yan gasa, akan hana su sabon ƙarfe, a kai su gaban tarkacen mota a ce su yanko abin da za su yi aiki da shi. Wani lokacin a hana su murhun gas, a ba su na gawayi da ake hura wa iska da hannu. Sai ka ga gumi, ka ga ruɗewa. Jama'a, abin da aka mai da jarrabawa a can, shi ne safiyar kowace rana a maƙerar Mutum Biyu. Sifirin tsohuwar mota, gawayin ƙirya, zuga-zugi, awartaki, uwar maƙera. Da waɗannan ake ciyar da gida.

Kuma kada a ɗauka zaɓen sifirin talauci ne kawai. Sani ne. Ƙarfen sifirin yana da sinadarin kabon daidai gwargwado, wajen kashi 0.6 cikin 100 a irin wanda aka fi amfani da shi, shi ya sa yake karɓar tauri kuma yake lanƙwasa ya dawo. Rodin gini ba shi da wannan, ko ka wasa shi da safe, kafin azahar ya dakushe. Maƙerinmu bai karanta wannan a littafi ba. Yana ganewa daga amon ƙarfen in ya buga shi, da irin tartsatsin da yake fitarwa, da yadda yake amsa masaba.

Inda bakin maƙeranmu ya zo ɗaya da na 'yan gasar, inda za ka ga dattijo ya matso da fuskarsa kusa da waya, shi ne lokacin tsoma ƙarfe. A nan wuƙa ke rayuwa ko ta mutu. Ana gasa ta har ta kai wani irin ja, zafin da ya haura digiri 770, inda maganaɗisu ke daina kama ƙarfe, sannan a tsoma ta nan take. In ruwa ne, sanyin na zuwa da gaggawa, tauri ya yi yawa, wani lokaci ka ji ƙas, ta tsage. In mai ne, sanyin na zuwa a hankali. Bayan nan sai a sake ɗumama ta kaɗan don a rage mata gautsi. A shirin, in ɗan gasa ya nufi bokitin ruwa, alƙalai kan dafe kai. Maƙeranmu kuwa da yawansu da ruwa suka gaji aikin, sai dai sun san dabarar tsoma bakin kaifin kaɗai, su bar zafin da ya rage a gadon wuƙar ya sauko ya tausasa ta, suna kallon launin da ke gudana a jikin ƙarfen. Ido ne ma'auninsu. Shi ya sa wasu suka fi son yin wannan aiki da asuba ko da yamma, don hasken rana na ɓoye ainihin jan ƙarfe.

Yanzu bari mu zo kan abin da ba su yarda da shi ba, kuma ni ma ina tare da su.

Na farko agogo. Gaskiya ne da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma wannan saurin na hannu ne a kan uwar maƙera, ba na gama aiki ba ne. Maƙeri zai gaya maka cewa ƙarfe ba ya son a tsere da shi. Wuƙar da aka yi cikin firgici, ko ta yi kyau a ido, akwai abin da aka tsallake a cikinta. Ba su kaɗai ke wannan ƙorafi ba. A Amurkar ma, ƙwararrun maƙera da dama na yaba wa shirin don ya farfaɗo da sana'ar ya cika makarantun koyon ƙira da ɗalibai, amma suna kukan cewa ya sa masu saye na zaton wuƙa mai kyau aikin awa uku ce.

Na biyu gwajin. Ana ɗaukar wuƙa a sari ƙanƙara da ita, a sari ƙaho, a sari ganga, a dake ta a kan abin da ba don shi aka yi ta ba, don a ga ko za ta karye. Sannan akwai gwajin da ya fi shahara, inda alƙali Doug Marcaida ke saran mutum-mutumi mai kama da jikin ɗan'adam, ko gawar dabba, sau da yawa ma alade, daga nan ya yanke hukunci cewa makamin zai iya kisa. A can tafi ake yi. A nan, wannan ne wurin da fuskoki ke canjawa. Mu a Taraba mun san abin da ƙarfe mai kaifi ke yi in zaman lafiya ya gushe. Mun binne 'yan'uwa, manoma da makiyaya. Babu maƙerin kirki a wannan yanki da zai tsaya a kasuwa yana tallar addarsa da cewa tana kisa. Addarsa ta sharar gona ce, ta saran reshe ce don dabbobi su ci ganye. Kuma wuƙar da zai fi alfahari da ita ita ce ta yanka, wadda addini ya umarci a wasa ta sosai don a hutar da dabba. Kaifi a wurinsa tausayi ne. Ku tsaya ku ji wannan da kyau: kaifin da ake nema a wuƙar layya, don rahama ake nemansa.

To yaya ake gwada wuƙa a nan? Mahauci ne alƙali. Zai saya, ya yi fawa da ita mako guda, ya ga sau nawa ya koma kan dutsen wasa. Mai yankan shinkafa a fadamun Binuwai shi ne alƙalin lauje. Mai noman doya shi ne alƙalin garma. Matar da ke gyaran kifi a Tella ita ce alƙaliyar ƙaramar wuƙa. Wanzami ne alƙalin aska. Hukuncinsu ba ya fita ranar da aka saya, sai kaka ta zagayo. In abin ya karye za a dawo maka da shi har rumfarka, a gaban maƙwabtanka, kuma garin ba shi da girman da za ka ɓuya.

Domin adalci, su ma Amurkawa suna da gwaji mai hankali wanda ya girmi talabijin. Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta ƙasar, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976, ba ta ba mutum shaidar ƙwarewa sai wuƙarsa ta tsinke igiya mai lilo da sara ɗaya, ta datse katako sau biyu, bayan haka ta aske gashin hannu, sannan a matse ta a lanƙwasa har kusurwar digiri 90 ba ta karye ba. Ɗaya daga alƙalan shirin, J. Neilson, yana da babbar shaidar wannan ƙungiya. Da na kwatanta wa wani dattijon maƙeri wannan gwaji, ya gyaɗa kai, ya ce wannan kam aiki ne, don duk abin da aka nema a ciki abu ne da mai wuƙa zai buƙata.

Akwai wani labari da ya tsaya mini a rai tun da na fara haɗa shirin nan, bari in ba ku shi. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano. Mutum ne mai son ƙirge, komai ya gani a kasuwa sai ya yi masa lissafi. A cikin abin da ya rubuta, ya kiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su Kano duk shekara ta hamada, kowane a kan wuri 1,000. Wuri miliyan 50 ke nan a kan takubba kaɗai. Kuma ya ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne, wani gari a Jamus da har gobe aka san shi da wuƙaƙe. Tsirara suke isowa, ba ƙota ba kube. A Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, daga nan su bazu zuwa hannun Buzaye da Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari. Ku duba fa. Shekara 170 da ɗoriya da suka wuce, maƙerin ƙasar Hausa ya riga ya riƙe ƙarfen Turai a hannunsa, ya auna shi, ya san inda ya fi nasa da inda bai kai ba. Saboda haka wannan kallo da maƙerin Mutum Biyu ke yi wa na Amurka a waya, kallon tsara ne. Ya daɗe yana auna aikin nesa, kamar yadda yau yake auna wuƙar Sin mai ƙyalli da ta cika kasuwa, mai arha, wadda ke neman kore shi daga sana'ar kakanninsa.

Kuma ƙira a wannan kwari na Binuwai ba baƙuwa ba ce. An narka tama a Taruga, kusa da Abuja, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Mumuye maƙwabtanmu sun shahara da sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da ake amfani da su a al'adun roƙon ruwa, kuma irin waɗannan ayyuka sun kai har gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles, wanda ya shirya babban baje kolin aikin maƙeran Afirka a 2018. Shirin gasar ma ya sha sa 'yan takara su kwaikwayi makaman nahiyarmu, irin su takobin shotel na Habasha da akrafena na Asante. Abin da ke ci mini rai shi ne, makamanmu na shiga shirin, maƙeranmu ba sa shiga.

Ba kuma gasa ce ba mu sani ba. Duk wanda ya taɓa halartar naɗin Sarkin Maƙera, ya ji an kaɗa dundufa, ya ga maƙeri ya ɗauki jan ƙarfe yana wasa da shi a gaban jama'a, ya san 'yan wannan sana'a na da nasu fagen nuna isa. Da na tambaya ko za su shiga gasa in an shirya a Jalingo, ba wanda ya ce a'a. Sharaɗi suka kawo: a ba da wuni guda ba awa uku ba, a yi lauje da wuƙar fawa da gatari, mahauta da manoma su zama alƙalai, kuma kyautar ta zama injin wasa ko na hura wuta, abin da zai zauna a rumfa yana aiki. Ina ganin wannan ba ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko masu shirya bikin nunin amfanin gona.

Lokaci na neman ƙure mana, amma dole in ja kunnen matasa. A ƙarshen Nuwamban 2017, a garin Cohoes na jihar Niyok, wani mutum ya hura wuta a ganga a bayan gidansa don ya gwada abin da ya gani a shirin Forged in Fire. Iska ta kwashi wutar, gine-gine suka ƙone a tsakiyar gari, mutane da dama suka rasa matsuguni. Mu da ke da danni da jinka da iskar hunturu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yaron da ƙira ta burge shi a waya, ya je a kai shi wurin maƙeri, ya fara daga zuga-zugi kamar kowa.

Na so mu taɓo tsadar gawayin ƙirya da yadda itacen ke ƙaranci a dazukanmu, da batun wuƙaƙen ado masu zane a jikin ƙarfe da ake kira na Dimashƙu, amma mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu leƙa wurin dukawa masu ɗinkin kube.