Tsakanin "Wani" Da "Ɗaya"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani jan biro da na sha a ajin Turanci. An ce kowa ya rubuta labarin hutunsa, ni kuwa a Kebbe na yi nawa wurin kawuna, sai na fara da cewa "One man came to our house." A zuciyata abin da nake nufi shi ne wani mutum ya zo gidanmu. Da aka dawo mana da littattafai sai na tarar malam ya soke "one" ya rubuta "a" a bisansa, sa'an nan ya tambaye ni a gefen takarda ko akwai wanda ya ce mini mutum biyu ne suka zo. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, har na shiga bincike. Da na bi sawun maganar sai na ga ashe kuskuren nan nawa yana da tsohon tarihi.

Bari mu fara daga gida. A ce mutum uku sun dawo daga kasuwar Tambuwal. Na farko ya ce, "Na sayi akuya." Na biyu ya ce, "Na sayi akuya ɗaya." Na uku ya ce, "Na sayi wata akuya." Ko yaro ƙarami ya san ba magana guda suka yi ba. Na farko ya gaya mana irin dabbar da ya saya, watau ba tunkiya ba ce. Na biyu lissafi yake yi, wataƙila an aike shi ya sayo biyu kuɗin suka kasa. Na uku kuwa, duk wanda ya ji shi zai gyara zama, domin ya san akwai sauran labari: ko dai akuyar nan tana da wani abin mamaki, ko kuwa an cuce shi a cinikin. A ajin nahawu muna sa "ɗaya" cikin ma'auni tare da biyu da uku, "wani" da "wata" da "waɗansu" kuwa muna kiransu mafayyata.

Kalmomin nan ba su yi kama da juna ko kaɗan ba. "Wani" gaban suna yake zuwa, "ɗaya" kuwa bayansa. "Wani" yana bin jinsi da adadi, "ɗaya" ba ruwansa, da rago da tunkiya duk "ɗaya" ne. Har ila yau suna iya haɗuwa cikin jimla guda ba tare da rigima ba, kamar a ce "wata akuya ɗaya tak ta rage," ko "waɗansu mutum uku sun zo." In kana son ka san dangin "wani" na jini, to saurari maganarmu ta ƙasar Sakkwato. Daga Dogon Daji har Kuchi muna cewa wanga yaro, wagga yarinya, waɗanga yara. Jera su tare da wancan, waccan, waɗancan, da wanda, wadda, waɗanda, sa'an nan ka kawo wani, wata, waɗansu, za ka ga duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Watau "wani" ɗan gidan kalmomin nuni ne, ba shi da gado a gidan ƙidaya.

To, a Turanci ba haka abin yake ba. A Ingilishin da ake yi shekara dubu da suka wuce, kalmar ƙidaya ta ɗaya ita ce "an", ana jan wasalinta. In mai magana yana lissafi sai ya ƙarfafa ta, wannan ita ce ta rikiɗe ta zama "one" na yau. In kuwa ba lissafi yake yi ba sai ya faɗe ta da sauri, har wasalin ya gajarce, daga baya kuma harafin "n" ya faɗi a gaban baƙi, aka sami "a book" amma "an egg". Ashe da "a" da "an" da "one" uwarsu ɗaya. Saboda haka ne Bature ba ya sa "a" gaban jam'i, don har yanzu tana ɗauke da warin ƙidaya. Faransancin da maƙwabtanmu na Dosso da Birnin Ƙonni suke karatu da shi ma bai wahalar da kansa ba: "un livre" yana nufin littafi, yana kuma nufin littafi ɗaya, sai dai a gane daga yadda zance ya zo. Wannan "un" daga kalmar Latin "unus" ya fito, alhali kuwa Latin ɗin kansa ba shi da irin wannan mafayyaci. Haka Jamusanci yake da "ein", Turkanci kuma da "bir".

Kada a ɗauka wannan halin Turawa ne kaɗai. Zabarmawa suna ƙirga afo, ihinka, ihinza, in kuma za su ce wani mutum sai su ce "boro fo", wata rana kuwa "han fo". Yarabawa suna da "okan", watau ɗaya, suka gutsure ta suka ce "okunrin kan", wani mutum. Turancin buroka da ake ji a tashar mota shi ma "one man" yake cewa. Da a ce da buroka aka ce mu rubuta labarin hutun nan, da jimlata ta wuce lafiya lau!

Iyayenmu da suka karanta Ajurumiya a zaure sun riga mu sanin wannan babi, sun san shi da sunan nakira da ma'arifa. A Larabcin littafi, "alkitabu" littafin da aka sani ne, "kitabun" mai tanwini kuwa littafi ne kawai, in ana son lissafi sai a ƙara "wahidun". Nan ba a taɓa ƙidaya ba. Amma Larabawan Maroko a maganarsu ta yau da kullum sun ɗauko "wahed" sun ajiye shi gaban suna, suna nufin wani. Ka ga ko cikin harshe guda, reshe ɗaya ya bi hanyar, ɗayan bai bi ba.

Wani masanin harsuna na Jami'ar Buffalo a Amurka, Matthew Dryer, ya auna wannan al'amari cikin babban kundin taswirar harsunan duniya da ake kira WALS, wanda aka fara bugawa a 2005. A fitowar 2013 ya duba harsuna 534. Cikin 112 kalmar "wani" da ta "ɗaya" guda ce. Cikin 102 kalmomi ne daban-daban. Harsuna 24 ɗafi suke liƙa wa suna. Harsuna 98 suna da alamar abin da aka sani, irin "the", amma ba su da kishiyarta. Sauran 198 kuwa, waɗanda suka fi yawa, ba su da ko ɗaya daga ciki, kuma masu su suna ciniki suna shari'a ba tare da sun ruɗe ba. Mutanen Rasha suna cikin irin waɗannan. In muka ɗora Hausa a wannan sikeli, cikin masu kalmomi daban-daban za ta faɗa, tare da Turanci, tun da yake yau "a" da "one" sun rabu a baki. Sai dai su rabuwar 'yan'uwa suka yi, namu kuwa tun asali ba su haɗa kaka ba.

Me ya sa harsunan da ba su san juna ba suke komawa ga "ɗaya"? Bajamushe Bernd Heine, wanda ya daɗe yana nazarin harsunan Afirka, ya bayyana a littafinsa na 1997 cewa abin mataki-mataki yake tafiya. Da farko kalmar lissafi ce kurum. Sai a fara amfani da ita wajen shigo da gwarzon labari, domin wanda ya ware mutum guda daga cikin taro ya riga ya nuna shi. Daga nan sai ta bazu ga duk abin da mai magana ya sani amma mai sauraro bai sani ba. Sa'an nan ta kai ga abin da ko mai maganar bai san wanne ba ne. A Sifaniyanci ma har jam'i ta yi, suna cewa "unos", kamar a ce "ɗayoyi".

Nan ne fa wurin da muke zubar da maki a jarrabawar WAEC. "Wani" namu yana aikin mataki na biyu da na uku, amma bai kai inda "a" ta kai ba. Bature dole ya ce "He is a teacher," mu kuwa "Shi malami ne" muke cewa. Wanda ya fassara ta da "Shi wani malami ne" ya canza magana. Haka in ka ce wa abokinka "Ara mini biro," kowane biro ya samu ya isa. In ka ce "Ara mini wani biro," zai ɗauka wanda ke hannunka ya daina rubutu ne, domin "wani" yana da ma'anar daban, abin da "a" ba ta da shi sai an ce "another". Je wurin mai ƙosai ka ce "Ƙaro mini ɗaya," sa'an nan ka ce "Ba ni wani," ka ga yadda za ta dube ka a karo na biyu.

Karin maganarmu ma ba ya yarda a musanya su. Ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa "wani hannu" a wurin, sai maganar ta koma zargin wani rago. Ana kuma cewa wata miyar sai a maƙwabta. Dubi yadda "wata" ta zauna tare da madanganci a ƙarshen "miyar", abin da yake daidai da a haɗa "a" da "the" kan suna guda, wanda in ka gwada a Turanci jan biro zai hau kanka.

Ko "ɗaya" namu zai bi hanyar da na Zabarmawa ya bi nan gaba? Akan ji mutum ya ce "rana ɗaya sai aka neme shi aka rasa," ba kuwa kwanaki yake ƙirgawa ba, yana nufin kwatsam. Duk da haka, a ganina da wuya ya wuce nan, don kujerar da zai hau "wani" ya daɗe da zama a kanta.

Da na koma Kebbe na ba kawu wannan labari, har na karanta masa jimlar da aka soke tare da fassararta. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To ɗana, wanga mutum da ya zo gidan namu, wane ne shi?" Sai a lokacin na tuna cewa cikin shafi biyu da na rubuta ban sake ambatonsa ba.