Lugude a Ƙarƙashin Mota

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu, turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan na sauka waccan na tashi. Tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki ba sai ta leƙo tsakar gida ba. Da kunne take gane ko turmin ne ya zauna a karkace, ko taɓarya ce ta tsage, ko kuwa hannun 'yan matan ne bai zo ɗaya ba. Irin wannan kunne ake buƙata idan an ɗaga a-kori-kura ta koma karkarwa da gurnani.

Ɗaga mota ya fi ƙarfi a Amurka da Ostareliya, inda ake ƙara wa Ford F-150 ko Tacoma ko Hilux tsayi inci 2 har zuwa 6, a sa mata manyan tayoyi. Masu ratsa yashi da laka a nan wajenmu ma sun ɗauka, kuma suna da hujja, don cikin mota yana daina gugar ƙasa. Amma abin da ya tashi sama shi ne jikin motar da inji da giya. Aksul na baya yana nan inda taya ta ajiye shi. Farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksul, ita ke ɗaukar wahalar: da kusan a kwance take, yanzu ta koma gangare.

A kowane bakin farfela akwai kuros, kuma kuros yana da wani hali. In dai a karkace yake juyawa, ba ya miƙa juyin daidai wa daida. A zagaye ɗaya zai yi sauri sau biyu, ya lafa sau biyu. Ba lalacewa ba ce, ƙirarsa ke nan. Abin da ke rufa masa asiri shi ne ɗan'uwansa na ɗaya bakin: saurin da na gaba ya ƙara, na baya ya zare shi daidai gwargwado. Luguden ke nan, kuma sharaɗinsa biyu. Karkatarsu ta zama ɗaya, sannan kunnuwan da ke riƙe da su su tsaya a layi guda. Ƙa'idar kamfanin Spicer, wanda ya daɗe yana ƙera su, ita ce kada bambancin ya wuce digiri 1, kuma in ana so su yi ƙarko kada karkatar kowanne ta wuce digiri 3.

To, ɗaga mota tamkar ka ɗora ɗaya daga cikin masu dakan a kan kujera ne, ka bar ɗayar a ƙasa. Babu abin da ya karye, amma dakan ya watse. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake saurin cewa, “Alhaji, kuros ne, a canza.” A canza, mota ta ɗan lafa, ba a jima ba sabon ma ya tafi. An sayo wa yarinya sabuwar taɓarya, ba a sauko da ita daga kujera ba.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a hau titi a saurara. Tayar inci 33 tana zagayawa kusan sau 10 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100 a awa. In giyar aksul 4.10 ce, farfela na yin sama da 40, karkarwar kuros kuwa ninkin wannan. Shi ya sa matsalar taya jijjiga ce mai nauyi da ake ji a sitiyari ko kujera, ta farfela kuwa tsuma ce mai sauri da ke shiga tafin ƙafa, har madubi ya dushe. Da an kai gudun da karkarwar ke tasowa, a sa motar a firi. In karkarwar ta tsaya yadda take, a nemi balansin taya ko lanƙwasar farfela. In ta ɓace, a tsaya a taka totur a wuri ɗaya: ta dawo, inji ne ko robobin da yake zaune a kai, ba ta dawo ba, zargi ya koma kan karkatar kuros, don ita ce ke tsananta lokacin da mota ke ja.

Akwai kuma karkarwar da ke zuwa da tashi kawai, mota ta girgiza kafin a shiga giya ta biyu sannan ta saki. Wannan ya yawaita a masu farfela gida biyu da boris a tsakiya, da kuma motar da aka cusa wa tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, don tubalin na ba aksul damar murɗawa sama in an taka wuta.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Ƙas-ƙas a kwana, shaf ɗin gaba ne. Gurnanin da ke sauyawa in an karkata dama ko hagu, boris ɗin taya. Kukan da ke bin takawa da sakin totur, cikin aksul yake.

Awo shi ke raba gardama, kuma wayar hannu ta isa, da manhajar auna kwana. Sai dai a auna mota tana tsaye kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri, da kayan da ta saba ɗauka, ba a kan jak ba. Sau da yawa maganin ɗan ƙarfe ne mai siffar weji da ake sawa a ƙarƙashin sifirin don ya juya bakin aksul, ko a ɗan sauko da boris na tsakiya. In tsayin ya yi yawa, sai farfela mai kuros biyu a haɗe a bakin gaba, ita kuma tana son bakin aksul ya kusan fuskantar ta kai tsaye.

Mai motar da ke ja da taya huɗu yana iya cire farfelar baya ya ɗan zagaya da ta gaba. In shiru, an kama ɓarawo. Amma a sa wa tayoyi dutse kafin a shiga ƙarƙashi, don da zarar farfela ta fita giya ba ta riƙe mota, kuma a shata alama da fenti a kowace mahaɗa domin ta koma yadda aka same ta.